Wani Alhaji Ya Riga Ya Taya Motar

Ko da zan manta da duk wulaƙancin da na sha a garin Abuja, ba na jin zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na fita gwajin mota da Mama Ladi mai kaji. Har gobe idan abin ya faɗo mini a rai, ko ina tsakiyar cin abinci ne, sai na ajiye cokali na ja tsaki. Kuma tun kafin mu yi nisa bari in wanke kaina: da gaskiya na fara cinikin nan. Mutanen garin nan ne suka ɓata ni.

Motar wagon ce, irin doguwar nan mai faffaɗan baya, ruwan toka. Na saye ta tun babban ɗana Hanif yana rarrafe, ga shi yanzu shi ke gyara mini waya idan ta rikice. Ta kai mu Zariya hutun sallah ba adadi. Ta kwaso buhunan masara daga ƙauye. Ita ta kai matata Asiya asibiti haihuwa, ita ta yi dakon siminti lokacin da muka fara ɗan gininmu a Masaka. Ta taɓa ɗaukar firji a kwance da ragon layya a gefensa (ragon bai ji daɗin tafiyar ba, firjin ma tun daga ranar bai sake sanyin kirki ba). Ba mota ce ta yanga ba, amma ba ta taɓa barin mu mun kwana a hanya ba.

To sai man fetur ya yi tashin da kowa ya sani. Daga gidanmu na haya a Jikwoyi zuwa ofis a cikin gari, motar nan shan mai take kamar an huda tankin. Na jingine ta a ƙofar gida na koma bin motar haya. A ɗaya gefen kuma ginin Masaka ya kai linta ya tsaya, babu kwano, ga damina ta kusa. Idan ruwa ya sake dukan bangon nan a buɗe, maginin ya ce kada in zarge shi.

Wata safiya Asiya tana shara ta tsaya ta dubi motar, kajin maƙwabta sun mayar da ƙarƙashinta wurin hutawa.

"Baban Hanif," ta ce, "wannan fa rufin gidanmu ne yake zaune a kan taya huɗu."

Na yi fushi na kwana biyu, sannan na yarda tana da gaskiya.

Ni ba irin mutanen nan ba ne da za su tashi da safe su yanka wa kayansu farashin da suka gani a mafarki. Na zauna na yi bincike. Na shiga shafukan saye da sayarwa na intanet na duba irin motata, shekararta ɗaya, na ga abin da ake nema. Na kai ta wurin bakanikena na ce ya faɗa mini duk ciwon da ke jikinta, kada ya ji kunyata. Ya ce injin lafiya lau, takardu a cike, tayoyi da sauransu. Amma esi mai sanyaya mota ya mutu, shokar baya ta gaji, agogon da ke ƙirga tafiya ya daina ƙirgawa tun shekarun baya, sannan giyar idan ta yi zafi a cikin gosulo takan yi wata fizga kamar an tsikari jaki. Na tambayi kuɗin gyaran kowanne, na cire daga farashin da na gani.

Ban tsaya nan ba. Na sa babbar riga na je wani filin dillalan motoci a Karu, a ƙafa, kamar mai saye. Na tarar da wata wagon sa'ar tawa, har ta fi tawa tsatsa. Wani dillali mai jar hula ya taso da fara'a.

"Alhaji, ka iya zaɓe," ya ce. "Wannan ƙarfen da ne. Yanzu ba a yin irinsa. Motar iyali, motar kasuwa, motar tafiya. Miliyan uku da rabi, shi ma don fuskarka."

Bayan kwana biyu na koma filin nan da tawa motar, da ƙananan kaya a jikina. Dillalin nan dai, da jar hular nan dai, ya zagaya ta yana taɓe baki.

"Oga, wa ke son wagon yanzu? An daina yayinta. Sai masu burodi. Don kada ka koma da ita, zan ba ka miliyan ɗaya da ɗari biyu."

Na ce, "Bawan Allah, ba kai ne shekaranjiya ka ce mini ƙarfen da ne ba?"

Ya dube ni sama da ƙasa, ko gezau. "Shekaranjiya saye ka zo yi."

Wallahi haka ya faɗa. Na ja motata na fita ina huci, na rantse babu dillalin da zai ci sisina. Da kaina zan sayar.

Na yanke miliyan biyu da dubu ɗari shida. Tsakanina da Allah, wannan shi ne kuɗinta: ban cuci mai saye ba, ban cuci kaina ba, kuma zai rufa mana gida. Na wanke ta tas, na ɗauki hotuna, na rubuta talla. A cikin tallan na jera duk laifuffukanta ɗaya bayan ɗaya, har da fizgar giyar. Na ɗora jarka a samanta kamar yadda ake yi, don mai wucewa ya san ta sayarwa ce. Na zauna ina jiran mutanen kirki.

Jama'a, ashe garin nan cike yake da mutanen da ba su da aikin yi sai ɓata wa mai sayar da mota rai.

Na farko dai masu saƙo. Babu sallama, babu gaisuwa, kalma ɗaya tal: "Las?" Wato nawa ne kuɗin ƙarshe. Ka ba su amsa cikin mutunci, su ɓace kamar an ɗauke su. Wani ya rubuto, "Dubu ɗari takwas, kuɗi a hannu yanzu-yanzu," kamar sauran masu saye da gyaɗa za su biya. Wani ya ce zai ba ni babur da fili a wani ƙauye bayan Keffi, na tambayi hanyar filin ya ce ana shirin yin ta. Wani ya zo da abokansa, suka buɗe bonet, suka harbi tayoyi da ƙafa, ɗaya ya ƙwanƙwasa ƙofa da yatsa ya ce ta taɓa hatsari (motar da ko akuya ba ta taɓa bugewa ba), suka sha ruwan sanyin gidana suka tafi ko tayi babu. Duk wanda ya karanta laifuffukan da na jera, sai ya ɗauke su ya dake ni da su. "Kai da bakinka ka ce giya tana fizga." E, na ce, kuma shi ya sa ban ce miliyan uku ba!

Wanda ya ƙarasa ni shi ne mai sayen ƙarafa. Ina zaune a ƙofar gida da yamma, ya turo kurarsa cike da ruɓaɓɓun fankoki da gwangwanaye, ya tsaya ya ƙare wa jarkar kallo, ya ƙare wa motar kallo, sannan ya yi mini sallama cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, ita wannan a kilo za a sayar ko a dunƙule?"

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Motar da ta kai matata haihuwa! A kilo! Bawan Allah ya ga idona ya ja kurarsa ya yi gaba yana ba ni haƙuri, ni kuwa na kwana ban ci tuwo ba.

A wannan halin na je ofis ranar Litinin, kuma a nan Sabo ya same ni. Sabo abokin aikina ne, teburinsa na jikin nawa. Bai taɓa mallakar mota ba, amma babu abin da bai sani ba a duniya, daga maganin basir har siyasar ƙasashen waje. Na ba shi labari, ya karɓi wayata ya karanta tallan, ya dafe kai.

"Mutumina, wannan talla ne ko tuba? Wa ya ce maka ana sayar da mota da gaskiya a Abuja? Kai ka jera musu sandunan da za su dake ka."

Na ce to ya zan yi.

"Goge duk wannan. Ka rubuta cewa mace ce ke tuƙa ta, daga gida sai makarantar yara. Ka mayar da kuɗin uku da rabi, don idan an yi ta ragi a sauko inda kake so. Sannan abu mafi muhimmanci," ya matso da kujerarsa ya rage murya, "mutum ba ya son kaya sai ya ji wani na so. Duk wanda ya zo, ka ce wani Alhaji daga Kano ya riga ya taya."

"Wane Alhaji?"

Ya nuna ƙirjinsa. "Ga shi a gabanka. Idan mai saye ya zo ka yi mini filashin, in kira ka. Ka nuna masa fuskar wayar, ka ce ga Alhajin nan ma ya dame ka. Ka ga yadda hannu zai shiga aljihu."

Na ce a'a, ni ban saba ba. Na ce ƙarya ce. Na ce Asiya ko sitiyari ba ta taɓa riƙewa ba. Sabo ya ce to shi ke nan, in jira mai kilo ya dawo. Wannan kalmar ce ta karya ni. Kafin a tashi aiki na sauya tallan, kuma da hannuna na goge sunan Sabo a wayata na rubuta "Alhaji Kano".

Ranar Juma'a wata mata ta kira. Ta yi sallama, ta tambayi iyali, ta tambayi aiki, abin da na yi makonni ban ji daga bakin mai saye ba. Ta ce sunanta Ladi, tana da gonar kaji a Karshi, tana neman motar da za ta riƙa kai ƙwai shaguna. Muka yi da ita za ta zo washegari da safe.

Ta zo a kan lokaci. Dattijuwa ce, za ta yi sa'ar yayar mahaifiyata, Bagwariya, da zani da jaka da tabarau rataye a wuya. Hausarta irin ta mutanen nan ce da komai namiji ne a bakinsu. Ta shiga ta gaisa da Asiya, ta ba yara alewa, sannan ta fito wurin motar da kiret ɗin ƙwai babu komai a ciki. Ba ta harbi taya ba. Ta buɗe but, ta kwantar da kujerun baya, ta riƙa aza kiret ɗin tana gwada faɗi da tsawo tana gyaɗa kai. Da ta gama ta shafa rufin motar da tafin hannu.

"Motan nan ya yi aiki," ta ce, "amma an riƙe shi da kyau."

Na ji kamar in rungume ta. Saura kaɗan in ce, Mama, biyu da ɗari shida ne, ga kuma abin da ke damun ta. Sai muryar Sabo ta taso mini a kunne. Na gyara tsayuwa na sa hannu a aljihu.

"Mama, uku da rabi ne. Kin san madam ce ke tuƙa ta, daga gida sai makarantar yara. Kuma gaskiya wani Alhaji daga Kano ya riga ya taya, jira kawai nake ya turo direbansa."

Ta ɗora tabaran a hanci ta dube ni ta samansa. Ta daɗe tana kallona.

"To," ta ce. "Mu gwada shi tukuna."

Na ce bari in ɗauko makulli. Na shiga ɗaki na yi wa Sabo filashin, na fito ina jiran kira. Shiru. Na tsaya ina goge gilashin da babu datti a jikinsa. Shiru. Na sake buɗe bonet ina nuna mata batir. Alhaji bai kira ba. Dole na miƙa mata makulli, ta shiga mazaunin direba, na zauna a gefe ina zagin Sabo a zuci.

Mama Ladi ta iya tuƙi, ba wasa. Muka fita layinmu muka hau titin Nyanya zuwa Karshi, tana sauraron injin, tana taka birki tana saki. Ta murɗa esi, ya huro mana iska mai ɗumi kamar numfashin saniya. Na ce gas ne kawai ya ɗan yi ƙasa. Muka sauke gilasai. Don in kawar da hankalinta daga esin, sai na kai hannu na kunna rediyo.

Rediyon nan shi ne abu ɗaya sabo a motar. Na sa shi bara, irin mai ɗan allo a gaba, kuma Hanif ya haɗa shi da wayata ta bulutut don mu riƙa jin karatu a hanya. Tun da na jingine motar na manta da wannan haɗin.

"Kin gani, Mama," na ce, "har da na zamani. Sifiku huɗu, duk suna aiki."

(Suna aiki kuwa. Zan iya ba da shaida a gaban kowace kotu.)

Ba mu yi nisa ba muka faɗa gosulo. Ranar Asabar ce, ga masu zuwa kasuwa, ga 'yan acaɓa, ga wata tifa ta lalace ta tare rabin hanya. Muka tsaya cak, masu talla suna zagaye mu. A daidai nan wayata ta yi ƙara, kuma a allon rediyon, da manyan baƙaƙe, sai ga "Alhaji Kano".

Daɗi ya kama ni. Na ce a raina, ai wannan ya fi yadda muka tsara, ga shaida a gaban idonta.

"Kin gani ko, Mama? Ga Alhajin nan. Tun jiya yake damu na."

Na danna, na kara wayar a kunne, na buɗe baki zan ce ranka ya daɗe. Amma muryar ba ta fito ta wayar ba. Ta ƙofar dama ta fito, da ta hagu, da bayan mota, a lokaci guda.

"Mutumina, yi haƙuri, ina banɗaki ka yi filashin! Tsohuwar ta zo? Nawa ma muka ce zan ce na taya, uku da ɗari biyu ko uku da ɗari uku? Na manta wallahi."

Na ɗaga murya yadda zai gane.

"ALHAJI! Barka da hantsi, ALHAJI! Ina tare da BAƘUWA a cikin mota!"

"Yauwa, kada ka bari ta yi nisa da ita fa," in ji Sabo. "Ka san giyar nan idan ta yi zafi asirinka ya tonu. Ku zagaya layi kawai ku dawo."

Na kai hannu zan kashe rediyon, garin sauri na murɗa maɓallin ta inda ba shi ba. Ƙarar ta ƙaru. Wani mai sayar da ruwan leda ya tsaya a tagata da roba a ka. Ɗan acaɓan da ke gefenmu ya juyo, fasinjarsa ma ta juyo.

"Alhaji," na ce, muryata ta koma kamar ta ɗan akuya, "ana jin ka."

Na ɗauka ya gane. Na ɗauka zai kashe. Ina!

"Au, har mun fara? To tsaya in gyara murya." Ya yi gyaran murya har sifikun baya suka girgiza, sannan ya sauko da ita can ƙasan maƙoshi. "Assalamu alaikum. Ni ne Alhaji daga Kano. Yaro, maganar motar nan, na ce a bar mini ita, direbana yana hanya."

Mama Ladi, wadda duk wannan lokacin hannunta biyu na kan sitiyari tana kallon gaba, ta sunkuyo a hankali ta kai bakinta kusa da rediyon.

"Alhaji, ina kwana. Ni ne tsohuwan. Yaya Kano? Ka fito bayan gida lafiya?"

Ƙit. Sabo ya kashe.

Ɗan acaɓan nan ya kifa kansa a kan babur yana dariya. Mai ruwan leda ya kira abokinsa mai sayar da cajar waya yana ba shi labari. Ni kuwa ga ni zaune, waya a kunne har yanzu, babu inda zan gudu, gaba mota baya mota. Na yi tunanin in buɗe ƙofa in bar mata motar kyauta in bi ta cikin kasuwa in ɓace. Sai hanya ta ɗan buɗe, Mama Ladi ta taka totur, kuma motar nan da na yi wa hidima shekara da shekaru ta zaɓi wannan lokacin ta yi fizgarta. Kanmu ya yi gaba ya dawo.

"Wannan shi ne giyan da Alhaji ya faɗa?" ta tambaya.

Na ce, "Shi ne, Mama."

Ta samu wuri gaban wani gidan mai ta faka. Ta kashe injin, ta cire tabarau, sannan ta fara dariya. Ba ƙaramar dariya ba, irin wadda mutum ke dukan sitiyari yana share hawaye da bakin zani. Na zauna ina kallon takalmina. Da ta gama ta juyo, fuskar ta sauya.

"Ɗana, yanzu faɗa mini gaskiya. Madam yana tuƙi?"

"Ba ta tuƙi."

"Me da me ya lalace?"

Na zayyana mata komai, esi, shoka, agogo, giya, da abin da bakanike ya ce kowanne zai ci. Har na ƙara da wanda ban taɓa rubutawa ba, cewa gilashin baya na hagu sai an taimaka masa da hannu. Tana ji tana gyaɗa kai kamar mai jin karatun da ta riga ta haddace.

"Duk na sani," ta ce. "Na ga tallanka na farko. Yarona ya nuna mini. Na ce masa, ka ga wannan mutumin, shi kaɗai ya faɗi ciwon motansa, wurinsa zan saya. Ban kira ba don kuɗina bai cika ba, ina jiran in kwashi adashi. Jiya na kwasa. Biyu da ɗari shida na zo da shi, ko ragi ban yi niyyan nema ba. Na zo sai na tarar da Alhaji."

Ku ji fa. Duk makonnin nan da nake fama da masu "las" da masu fili a bayan Keffi, ashe ga wata baiwar Allah can a Karshi tana tara mini kuɗina cif. Da na ƙara haƙurin kwana biyar da an gama cikin mutunci, har da addu'a. Baƙin ciki ya kama ni, kuma abin haushin, na rasa wanda zan huce a kansa, don kowa na duba sai in ga hannuna ne ya rubuta "Alhaji Kano".

"Mama, ki yi haƙuri," na ce. "Mutane ne suka ƙure ni."

"Na sani. Ni ma ina sayar da ƙwai, na san mutane. Amma ko sun ƙure ni ba na sa ruɓaɓɓe a ƙasan kiret." Ta mayar da tabaranta. "Zan saya. Biyu da ɗari biyar."

"Haba Mama, ke da kika ce ba za ki nemi ragi ba?"

"Wancan kuɗin mai gaskiya ne. Dubu ɗarin da na cire, ka je ka karɓa wurin Alhaji."

Na buɗe baki zan ce albarka. Na tuna ɗan acaɓan nan, na tuna bangon Masaka a buɗe, na tuna ba ni da sauran fuskar da zan ja ciniki da ita. Na ce na sallama.

Da a nan abin ya tsaya da na gode wa Allah. Amma dole mu koma gida a rubuta takardar ciniki, kuma kafin in samo biro Mama Ladi ta zauna a tabarmar Asiya ta ba ta labarin tun daga farko. Har muryar Sabo ta kwaikwaya, da gyaran muryar da komai. Asiya ta yi dariya har ta riƙe ciki. Da aka zo wurin "madam ce ke tuƙa ta" sai ta tsaya ta dube ni.

"Au, ashe na iya mota ban sani ba? Shekara nawa ina roƙon ka koya mini kana cewa sai an samu lokaci?"

Maƙwabcina da na kira ya sa hannun shaida shi ma ya ji komai, kuma shi mutum ne da ba ya iya riƙe labari ya kai la'asar. Kafin magariba duk layinmu an sani. Har yau akwai mai shagon da idan na je sayen burodi yake tambaya ta ko direban Alhaji ya iso.

An rufa gidan Masaka kafin ruwan farko, sai dai kicin ya zauna babu silin, don daidai kuɗinsa ne aka cire. Mama Ladi ta gyara giyar, motar tana nan tana kai ƙwai, wani lokacin ma nakan hango ta a hanya ina cikin motar haya in sunkuyar da kai.

Ranar Litinin na shiga ofis da niyyar ba zan ko kalli Sabo ba. Ina zama ya jawo kujerarsa, fuska a sake.

"Mutumina, na ji an sayar. Ka ga amfanin shawara? Ba don ni ba da har yanzu tana ƙofar gida. To ina la'adata?"

La'ada! Sai da masinjan ofis ya shiga tsakaninmu.

Abin da na koya bai da yawa. Idan ka zauna ka yi lissafinka tsakani da Allah ka yanke wa kayanka kuɗin da ya dace, ka tsaya a kai, ka toshe kunne. Mai sayen kirki yana nan zuwa, sai dai ba ya sauri kamar 'yan ɓata rai. Idan kuma shaiɗan ya rinjaye ka har ka ga sai ka ɗauki Alhajin haya, to don girman Allah ka nemi wanda zai fara da sallama kafin ya faɗi inda ya fito.